Tumunin da Ya Koma Tusu'i

Zauren rabon gado yana cikin wuraren da ake bambance wanda ya iya lissafi da wanda ya ci jarrabawar lissafi kawai. Na zauna a wani irinsa bayan rasuwar wani maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu, mahaifinsa da mahaifiyarsa kuma duk suna raye. Da aka biya bashi aka yi wa abin da ya rage kuɗi, sai ya tashi naira 2,700,000. Malamin da aka ɗauko dattijo ne da bai taɓa shiga ajin boko ba. Ya nemi biro, ya juya bayan wata tsohuwar ambulan, ya rubuta 24 da lambobin Larabci. Ya jera wasu ƙananan lambobi a ƙarƙashi, ya yi shiru yana motsa leɓe, sannan ya soke 24 ɗin ya rubuta 27. Ya ce matar mamaci tana da naira 300,000.

Ƙanen matar yana gefe da waya a hannu. Saurayi ne mai digiri a fannin kimiyya, kuma shi dangin suka turo don kada a ƙware 'yar'uwarsa. Ya gyara zama ya ce, “Allah gafarta Malam, ai tumuni ne rabon Yaya. Tumunin wannan kuɗi 337,500 ne. Ina sauran 37,500 ɗin suka shiga?”

Malam bai ji haushi ba. Ya ce, “Madalla, ɗana. To ba wa kowa nasa cikakke da wayar taka, mu gani.”

Saurayi ya shiga danne-danne. 'Ya'ya biyu suna da sulusi biyu, 1,800,000 ke nan. Uba sudusi, 450,000. Uwa ma haka. Kafin ya zo kan yayarsa dukiyar ta ƙare tas, tumunin bai sami wurin zama ba. Ya sake dannawa, abin da ya fito ɗazu shi ya sake fitowa. Malam ya ce, “To daga aljihun wa za mu ɗauko cikon?”

Abin da dattijon ya yi shi malaman gado ke kira auli. Idan rabon da aka yanka wa magada ya fi ƙarfin dukiyar, ba a zaɓar mutum ɗaya a ɗora masa asarar. Cikin 24, mata tana da 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4, jimilla 27. Sai a kasa dukiyar gida 27 maimakon 24, kowa ya ɗauki adadin kasonsa, kowa kuma ya rasa ɗaya bisa tara na abin da da zai samu. 'Ya'ya suka tashi da 1,600,000, iyaye 400,000 kowannensu, tumunin mata ya koma tusu'i. Wannan mas'ala sananniya ce a littattafan fiƙihu, ana ce mata Minbariyya, don an ruwaito cewa a kan mumbari aka yi wa Sayyidina Ali tambayarta ya amsa nan take.

Saurayin nan ba daƙiƙi ba ne. Ya ci kalkulas a shekararsa ta farko a jami'a, abin da da yawa cikin abokan karatunsa sai da suka maimaita. Amma lissafin kaso na ajin firamare, da ya zo masa cikin rigar da bai saba gani ba, sai ya tsaya cak. Ya san yadda ake fitar da tumuni. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya tambayi kansa ko kasafin duka zai haɗu ya ba da ɗaya, kuma in bai haɗu ba yaya za a yi adalci. Duk lokacin da na ji ana gardama kan ko ya kamata a wajabta wa ɗaliban jami'a lissafi mai zurfi, wannan giɓin nake fara dubawa, domin ina ganin ɓangarorin biyu suna tsallake shi.

Gardamar ta iso gida a watan Oktoban 2025, lokacin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sanar da cewa masu neman shiga jami'a don karanta harsuna da adabi da tarihi da makamantansu ba sai sun kawo kiredit a lissafi ba. Hujjar ma'aikatar ita ce yawan waɗanda ke rubuta JAMB kowace shekara ya ninka yawan waɗanda ke samun gurbi, kuma tsofaffin sharuɗɗa na cikin abin da ke tare su. Da surutu ya yi yawa sai ta fito ta yi ƙarin bayani, cewa rubuta lissafi a WAEC da NECO yana nan daram a kan kowa, sharaɗin shiga ne kawai aka sassauta. Wasu iyaye suka yi hamdala, musamman waɗanda 'ya'yansu suka shekara biyu ko uku a gida saboda wannan kiredit ɗaya. Wasu kuma suka ce an buɗe wa lalaci ƙofa.

A Amurka an daɗe ana wannan ja-in-ja, kuma can a cikin kwalejin kanta ake yinta. A 2012 Andrew Hacker, malamin kimiyyar siyasa a Queens College da ke New York, ya rubuta maƙala a jaridar New York Times yana tambayar ko aljebra dole ce, a 2016 kuma ya faɗaɗa ta zuwa littafi mai suna The Math Myth. Abin da ya dame shi shi ne ɗimbin ɗaliban da ke barin kwaleji ba takarda saboda kwas ɗaya da aikinsu ba zai taɓa nema ba. A 2017 rukunin jami'o'in jihar Kalifoniya da ake kira California State University ya janye sharaɗin cewa sai ɗalibi ya wuce matsakaiciyar aljebra kafin ya ɗauki kwas ɗin lissafin da ake nema daga kowa, in dai ba fannin kimiyya yake ba. Hanya ta buɗe ke nan ga mai son ya bi ta ƙididdiga.

Ina tare da Hacker a wani ɓangare, kuma dalilina yadda ake koyar da abin ne. Kalkulas ilimi ne na yadda abu ke sauyawa: saurin da magani ke raguwa a cikin jini, yawan ruwan da ke fita daga madatsa irin ta Tiga idan tsayin ruwan ya sauka, nauyin da ƙarfen gada zai ɗauka kafin ya lanƙwashe. Injiniya da masanin haɗa magunguna da mai nazarin tattalin arziki ba su da mafita, dole su san shi, su kuma san shi da kyau, domin kuskurensu rai yake ci. To amma leƙa ɗakin laccar 'yan shekarar farko a yawancin jami'o'inmu. Ɗalibai ɗaruruwa, wasu a kan taga, wasu a tsaye, malami ɗaya a can gaba da lasifikar da ke shaƙewa. Na baya ba ya ganin allo. Abin da ya rage masa shi ne handawut da tsofaffin tambayoyi, ya haddace cewa in ka ga kaza sai ka sauko da lambar sama ka rage mata ɗaya. Ka tambaye shi me yake nema, zai ce maka, “Ni dai in haye, kada in kwashi kariyoba.” Ya haye ɗin, bayan wata uku ko sunan babin ba zai tuna ba. Wanda zai ce a ɗauki wannan a ɗora wa ɗalibin Hausa ko na tarihi, sai ya fara gaya mana abin da na kimiyyar ya tsira da shi.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce lissafi mai wuya yana wasa ƙwaƙwalwa, ko ba ka yi aiki da shi ba zai koya maka tunani. Magana ce mai daɗin ji, an kuma taɓa yinta a kan Latin a makarantun Turai. Tun farkon ƙarni na 20 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Thorndike, ya gwada wannan da'awa, ya tarar ƙwarewa a darasi ɗaya ba ta cika tsallakawa zuwa wani fage da kanta ba, sai in fagagen biyu suna da abin da ya haɗa su. Masu kaifin basira su ke zaɓar darussa masu wuya, sai a ga kamar darussan ne suka ba su basirar. Ban ce lissafi ba ya gyara tunani ba. Yana gyarawa idan an sa mutum ya kafa hujja da kansa, ya gano inda hujjar wani ta karye. Haddar ƙa'ida don jarrabawa ba ta yin wannan aiki.

Inda na rabu da masu murnar an sauke musu kaya shi ne zaton da suke yi cewa wanda ya karanta adabi ya yi sallama da lissafi. Duba inda masu digirinmu ke faɗuwa.

A 2016 harkar zuba kuɗi ta MMM ta mamaye Najeriya da alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, a watan Disamba na shekarar kuma ta rufe asusun mutane. Ba 'yan ƙauye kaɗai ta kwashe ba, har da ma'aikatan ofis da ɗaliban jami'a da suka zuba kuɗin makaranta. Wanda ya san yadda riba ke hawa kan riba, minti biyu sun ishe shi. Naira 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata za ta wuce miliyan 2.3 a shekara ɗaya. A shekara uku za ta haura biliyan ɗaya. Wace sana'a ce a duniya ke haifar da wannan? Babu kalkulas a cikin wannan tambaya, ninkawa ce kawai ake maimaitawa, amma sai wanda aka saba masa da bin lamba har inda za ta kai shi.

Ga wanda ya fi wannan ciwo. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin ƙwayoyin halitta saboda sikila. Masoya biyu masu AS za a gaya musu cewa akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu su haifi mai SS. Sau da yawa za ka ji saurayi, mai ilimi kuwa, yana cewa, “Ai sai mu tsaya a uku.” Ko ka ji iyayen da ɗansu na fari ya zo da cutar suna cewa sun riga sun biya nasu, ukun da ke tafe lafiya za su zo. Ba haka abin yake ba. Kowane ciki da nasa ɗaya cikin huɗun, ba ruwansa da na gabansa. Ma'aurata irin waɗannan in suka haifi huɗu, yiwuwar a ce duka sun kuɓuta 81 ce cikin 256, wato ƙasa da ɗaya bisa uku. Ko uku suka tsaya, yiwuwar kuɓutar duka 27 ce cikin 64, ba ta kai rabi ba. Rai da lafiya na hannun Allah, wannan ba a ja. Amma wanda zai yanke shawarar aure a kan lamba, ya kamata ya san abin da lambar ke cewa. Limamin da za a kai wa takardar gwajin da ma'aikaciyar da ke ba da shawara a asibiti su ma haka, kuma da yawansu ba kimiyya suka karanta ba.

Sai 'yan jarida, waɗanda da yawansu daga ɓangaren da aka sassauta wa suke fitowa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. Ta Janairun 2025 kuma ta ce kashi 24.48 ce. Tsakanin watannin biyu hukumar ta sauya shekarar da take aunawa da ita, ta kuma sabunta jerin kayan da take bin farashinsu, don haka ba a jera lambobin biyu kai tsaye a ce ga sauƙin da aka samu. Ko da ma'aunin bai sauya ba, saukar wannan lamba tana nufin farashi na ci gaba da hawa, gudun hawan ne ya ragu. Mai sauraron rediyo da ya ji “hauhawar farashi ta sauka” ya je kasuwa ya tarar kwanon shinkafa bai san da labarin ba, sai ya ce ƙarya ake yi. Aikin mai karanta labarin ne ya raba masa zare da abawa, in shi kansa ya gane.

Waɗannan duka lissafi ne, kuma kada wani ya raina su ya ce na yara ne. Fahimtar yiwuwa da ƙididdiga yadda ya kamata tana ba manyan likitoci ma wahala. Waɗannan darussan ne nake ganin ya kamata a wajabta wa kowane ɗalibin jami'a da kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha, kowane fanni yake karantawa, a kwas na gaske da ake iya faɗuwa.

Wannan ba sabon tunani ba ne ma. Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafin da ya kafa aljebra a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, ya bayyana a gabatarwarsa cewa ya tsara shi ne don abin da mutane ke buƙata a gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa da haƙa magudanan ruwa. Babban ɓangare na littafin mas'alolin wasiyya ne, irin wanda mutum ya mutu ya bar 'ya'ya, ya yi wasiyya ga bare, ga kuma bashi a kan ɗaya daga cikin magada. Daga buƙatar alƙali da ɗan kasuwa ilimin ya taso, daga baya ya yi fiffike. Mu kuma muna fara wa yaro da fiffiken, mu ce in ya girma zai ga amfaninsa.

Ba kuma ina cewa duk lissafin da ba a ci da shi banza ne ba. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu kan yadda ake gina hatimin lambobi, wanda kowane layi nasa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimilla ɗaya. Har yau masu tarihin lissafi na ambatonsa. Kowace al'umma tana buƙatar irinsa, mutanen da lamba ke ba su daɗi don kanta. Sai dai ba a samar da su da tilas. Ana samunsu ne idan yaro ya haɗu da malamin da ya iya, aka kuma bar masa hanya a buɗe.

Rufewar hanyar ita ce tsorona game da sassauci, kuma abin da ya faru a Faransa ya isa gargaɗi. A 2019 ta rushe tsohon tsarin azuzuwan ƙarshe na sakandare, ta mayar da lissafi darasin zaɓi. Mutanen Nijar sun san irin tsohon tsarin, don har yau ana raba ɗalibai zuwa A da C da D kafin jarrabawar BAC. Cikin 'yan shekaru aka ga ɗalibai da yawa a Faransa sun ajiye lissafi, kuma 'yan mata ne suka fi ajiyewa. Ƙungiyoyin malaman lissafi suka yi ta kuka, har gwamnati ta dawo da awa ɗaya da rabi a mako a matsayin dole daga 2023 ga waɗanda ba su zaɓe shi ba. Idan aka ce abu zaɓi ne, ba kowa ke zaɓa da 'yanci iri ɗaya ba. Ɗan mai hali za a ɗaukar masa malamin lesin, a ce masa kada ya kuskura ya bari. Yarinyar da makarantarsu ta shekara ba malamin lissafi, aka kuma saba gaya mata cewa wannan karatun maza ne, ita za ta fara ajiyewa, tana da shekara goma sha biyar, kafin ta san cewa ta rufe wa kanta injiniyanci da kwamfuta da tattalin arziki. A Arewa, inda muke kukan ƙarancin likitoci mata da injiniyoyi, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: muddin kiredit ɗin dole ne, iyaye na da dalilin tayar da jijiyar wuya idan makaranta ba ta da malami. Ranar da ya zama ba dole ba, gwamnatin da ba ta ɗauki malamai ba ta huta da ƙorafi.

Saboda haka duk jami'ar da za ta sauke wa ɗalibin adabi kalkulas, wajibinta ne ta bar masa hanyar komawa. Mun san yadda ake yin wannan kafin shiga, ga IJMB, ga makarantun share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irinsa a ciki, yadda ɗalibar da ta shiga karatun tarihi, ta gano a shekara ta biyu cewa ashe kanta na ja, za ta ɗauki darasin daga tushe a ƙaramin aji ba tare da ta koma ta sake JAMB ba.

Kwas ɗin kowa da kowa kuwa yana da nasa haɗari. Sashen lissafi zai iya kallonsa a matsayin aikin ƙasƙanci, ya miƙa wa ƙaramin malamin da ya fi kowa sabunta, a tara mutum dubu a ɗaki ɗaya, a buga handawut, a koma gidan jiya. In haka za a yi gara a bari. Darasi ne da ke son a kawo takardar albashi da rasiɗin bashin banki da sakamakon gwajin asibiti da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma a baje a gaban ɗalibai, a ce su nemo inda lambar ta yi ƙarya, su kuma rubuta dalilinsu da jimloli cikakku. Wannan ya fi koyar da ƙa'idar kalkulas cin lokaci, ya fi ta wuyar ba da maki.

Wurin da ya fi kowane gaggawa kwalejojin ilimi ne. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma a makarantun firamare da yawa malami ɗaya ke riƙe aji ya koyar da komai. Wanda ya zaɓi Hausa da Nazarin Addinin Musulunci don ya guje wa lissafi, bayan shekara uku za a tura shi aji huɗu a wani ƙauye, ranar Litinin da safe jadawali ya ce lissafi. Zai buɗe littafi ya kwafe misalin a allo yadda yake, ya ce a rubuta. In wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambayi dalilin da ya sa rabi da sulusi ba su zama biyu bisa biyar ba, ba shi da abin ce mata sai “haka ƙa'idar take”, kuma yara sittin ko fiye ne ke zaune a gabansa a wannan shekarar kaɗai.